Albasa Goma Sha Huɗu

Abin da na gada a wurin babana albasa ce guda goma sha huɗu. Ba wai ba a raba gado ba ne. An raba, an ba ni kasona na gona da na lambu yadda shari'a ta ce, amma wannan yana can hannun 'yan uwana maza, har yau ban je na ce a nuna mini iyakarsa ba. Abin da na ɗauka da hannuna na sa a jaka na taho da shi Daura shi ne albasar nan, da wasu ƙulle-ƙullen tsumma guda biyar masu iri a ciki.

Babana mai lambu ne a wata fadama da ke gefen Dutsi. Tun da na yi wayo da laka a ƙafa na san shi. Yana noman tumatir da tattasai da alayyafo, amma da albasa aka san shi, wata ja 'yar madaidaiciya mai yaji, wadda in ana yanka ta a tsakar gida na zaure ma sai ya share ido. Ba ta da girman da zai ja hankalin mai saye, sai dai takan daɗe a rataye ba ta ruɓe ba. A wurin mahaifinsa ya samo irin, bai taɓa sayen na kasuwa ba. Kowace shekara in an cire albasa yakan zauna ya zaɓi waɗanda suka fi lafiya, ya zuba a raga ya rataye a azarar ɗakinsa. Su yake kira iyaye. Idan damina ta ɗauke sai ya binne su, su tsiro, su fid da dogon kara, su yi farin fure, furen ya bushe ya ba da baƙin iri. Ya sha gaya mana irin albasa ba ya jiran kowa, shekara ɗaya in ka yi sakaci ba ka sabunta shi ba, ka rabu da shi ke nan.

Ni kuwa aure ya kawo ni cikin gari, gidan malamai. Mijina, wanda kowa ke kira Malam, ya gaji zauren mahaifinsa, magidanta suna zuwa ɗaukar karatu a wurinsa safe da yamma. Gidan babba ne, sassa-sassa. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, sashenta yana can ciki, hanyar zuwa wurinta kuma ta ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakina ta bi. Mai juya gidan ita ce yayar mijina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Doguwar mace ce, mai tsafta, ta iya girki, ba zan hana ta nata ba. Yaya nake ce mata. Kwanana uku a gidan ta shigo ganin ɗaki, ta ja hanci, ta ce wa matan da ke zaune, wai da wasa, ashe amarya da turarenta ta taho daga gida. Aka yi dariya, ni ma na yi a cikin mayafi. Da suka fita na wanke hannuna da lemon tsami har sai da fatar ta yi zafi.

A Daura, Gani ita ce sallar da kowa ke dawowa gida. Na Kano ya zo, na Legas ya zo, dangin da ke ƙetaren iyaka su zo, gidan malamai kuwa cikarsa ta fi ta kowa don a nan ake karatun Maulidi. Babana ya ɗora wa kansa wata al'ada: duk jajibirin Gani zai ɗauro buhun albasa a bayan kekensa ya kawo gidanmu da kansa. Ya iso da gumi, da rigar aikinsa, ya tarar da zaure cike da masu fararen kaya. Ana yi masa tayin tabarma, shi kuwa ya zauna can kusa da takalma. Daga cikin gida sai ka ji Yaya tana cewa a buɗe taga, surukin Malam ya iso.

A shekara ta huɗu da aurena, da na raka shi soron ciki zai tafi, na ce masa ya daina wahalar da kansa da wannan doguwar tafiya, ya riƙa bayarwa a mota ana kawowa. Na lulluɓe maganar da tausayi, amma babana ba yaro ba ne. Ya dube ni ɗan lokaci, ya gyara hularsa.

"To, uwata," ya ce. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci.

Buhu bai fasa zuwa ba, duk jajibirin Gani direba zai sauke shi a ƙofar gida. Shi ne dai bai sake taka gidan ba, shekara bakwai. Ina zuwa ƙauye, mu yi hirar komai ban da wannan. Ba tausayinsa na ji ba ranar, kunyarsa na ji, kuma ya sani. Wannan abu yana nan a raina har yanzu, ban same shi da rai na gyara ba.

Ya rasu a ƙarshen wata damina bayan jinya. Yayana yana haya da babur a Mashi, ƙanena yana harkar kaya a Kongolam can bakin iyaka, ba mai sha'awar laka a cikinsu. Tun kafin a share makoki sun gama magana za su ba wani maƙwabci aron lambun, mutumin da ke sayen irinsa a gwangwani. Na tambayi baƙin irin da Baba ya ajiye a tulu, aka ce rufin ɗakin ya yi yoyo yana kwance, ruwa ya shiga, duk ya yi funfuna an zubar. Ranar addu'ar bakwai ana girkin sadaka, sai ga matar yayana ta fito daga ɗakin Baba da raga a hannu, tana murna ta samo albasar miya. Ban san lokacin da na miƙe na karɓe ta ba. Na koma gefe na ƙirga, goma sha huɗu. Duk abin da ya rage na irin kakana a duniya ke nan, kuma saura kaɗan ya tafi a miyar rana ɗaya.

A bayan sashena akwai wani kango, ɗaki ne da ya rushe tun kafin zuwana, ya zama wurin zubar da gwangwanaye da fasassun tukwane. Bangon zaure ne ya raba shi da waje. A gindin bangon ta waje akwai dutsen da masu ɗaukar karatu ke alwala a kai, ruwan kuma yana bin wata kafa ya shigo kangon. Na daɗe ina ganin wurin kore shar ko da rani. Magidantan nan ba sa tsimin ruwa in suna alwala, kowa da cikakkiyar butarsa. Na gaya wa Malam ina so in yi shuka a wurin, ya ce matan gidan nan ba sa noma. Na ce ai ba noma zan yi ba, shara zan yi. Ya san ƙarya nake, na san ya sani, ya ɗauki littafinsa ya fita.

Kwana shida na yi ina kwashe tarkace. Na aro fartanya a maƙwabta, na fasa ƙasar, na ja fangali, wato ƙananan gadajen nan masu baki da ke tare ruwa, na yi musu hanya tun daga kafar bango yadda in na toshe wannan da laka ruwan zai wuce wancan. Tun ina 'yar shekara goma rabona da wannan aiki, amma na tarar hannuna bai manta ba. Na kwaso kashin awakin Inna da tokar murhu na zuba. Na kafa dangar kara saboda kaji. Na kwance ƙulle-ƙullen Baba na yafa tumatir da alayyafo da latas da karas da tattasai. Iyayen albasa kuwa na ware musu fangalinsu daban, can jikin bango inda rana ke fara sauka, na binne su ɗaya bayan ɗaya da bisimilla.

Yaya ta zo ta tsaya a bakin danga da hannu a ƙugu. Ta bi hanyar ruwan da ido har zuwa kafar bango, ta ce wato abin da aka shayar da wankin ƙafafun maza shi za a ba mu mu ci. Maganar ta kai gaban Inna, Inna ta sa aka kira Malam ya faɗi hukunci. Ya zo ya tsuguna, ya ce gaskiya ruwan alwala mai tsarki ne, babu najasa a cikinsa, balle ma ƙasa ce za ta sha. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Yaya ta ga ta nan ba ta samu ba, sai ta juyo kaina.

"Shekara goma sha ɗaya muna wanke ki, ashe a banza."

A da in ta faɗi irin wannan murmushi nake yi, in koma ɗaki in yi kukana. Ranar ban yi murmushi ba. A gidanmu in Gani ta zo kowace suruka ana ba ta tukunyar da za ta girka, Yaya ce mai rabawa. Na ce mata tukunyata ta bana ko ganye ɗaya ba za a sayo mata daga kasuwa ba, daga kangon nan komai zai fito. Ta ce Allah Ya kai mu. Na ce amin, da ƙarfi.

A shekarun nan Gani tana faɗowa ne a tsakiyar sanyi, lokacin da lambu ya fi so, mai lambu kuma ya fi shan wuya. Da asuba in an idar da salla nakan fita in buɗe wa fangali ruwa, laka ta riƙe mini yatsu har in daina jin su. Dugadugaina suka yi faso, man kaɗanya ya kasa. Alhamis da Juma'a babu karatu, lambuna ma sai ya ji a jikinsa, dole in ja guga a rijiyar tsakar gida in yi ta jido da bokiti, facalolina, matan 'yan uwan Malam, suna kallo suna ƙus-ƙus. Ƙadangaru suka cinye mini rabin latas tun yana jariri. Tattasai ko ɗaya bai fito ba. Karas ya fito, amma da yake ƙasar kango ce mai ɓaraguzai, kowanne sai ya yi ƙafa biyu ko uku, abin dariya. Tumatir da alayyafo ne suka rufa mini asiri.

Iyayen albasa kuwa duka goma sha huɗun suka tsiro. Suka yi ganye, suka fid da kara har ya kawo mini ƙugu, kowane kara da ɗan ƙulli a kansa. Ana saura mako biyu Gani ƙullin ya fara fashewa, fararen furanni suka buɗe, ƙudan zuma suka gano wurin. Nakan tsaya ina kallonsu fiye da yadda aiki ya buƙata. Na san sai zafi ya fara shigowa furen zai bushe ya ba da iri, saura wata biyu ke nan, kuma kafin nan ba abin da ya kamata ya taɓa su.

Ranar Gani gida ya cika fiye da kowace shekara. Dangin Inna na ƙetare, masu kiwo da fataucin dabbobi, da aka sa ran mota ɗaya, mota biyu suka shigo ta Kongolam. Ni miyar ganye aka ba ni da kwaɗon latas. Tun da sassafe na tsinko alayyafo da tumatir, na tono karas ɗina masu ƙafafu. Albasar miya kuma na bi iyayen nan na ɗauki ganye ɗaya-ɗaya a jikin kowacce, wanda ba zai cutar da ita ba. Da na yanka lawashin nan na watsa a mai, ƙamshin ya taso, sai na ji kamar babana ya jingine kekensa a bayana. Na juya baya ga mutane na ce hayaƙi ne.

A can babban madafi an ɗora manyan tukwane, nama ya fara tafasa, Yaya ta ce a shiga ɗakin ajiya a ɗebo albasa. Aka shiga aka fito hannu biyu. Babu buhu. Shekara goma sha ɗaya gidan nan bai taɓa sayen albasar Gani ba, zuwa take yi da kanta a jajibiri, har an manta mutum ne yake aiko ta. Yaya da ta tsara komai, tun daga itace har gishiri, ba ta tuna mai aikowar yana ƙasa ba. Gari ya cushe, maza duk suna wurin karatu, ba wanda za a aika kasuwa ya dawo a kan lokaci.

Ina gaban murhuna ban san abin da ake ciki ba. Ɗagowar da zan yi na hangi ƙofar dangata a buɗe. Na ajiye ludayi na tafi. Na tarar da Yaya a sunkuye a fangalin jikin bango, da kwano a gefenta. Biyar ta riga ta tumɓuke, saiwoyinsu a sama da laka, fararen kawunan a ƙasa. Hannunta yana kan ta shida.

Na kama wuyan hannunta. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita na daɗe ba.

"Yaya, saki."

"Ke, hannuna kika riƙe?"

"Shi na riƙe. Wannan ba ta ci ba ce, iri ce."

Ta ce albasa dai albasa ce, an bar ta ta tsufa har ta yi fure don rowa, ga baƙi suna jira. Na ce mata ko ta yanka ba abin da za ta samu a ciki, ƙarfin duk ya tafi kara. Ba ta ji ba, ko ba ta so ta ji ba. Ta fizge hannunta, ni kuma na shiga tsakaninta da fangalin. Kafin ka ce me mata sun cika bakin danga, na gida da baƙi, wasu da ludayi a hannu. Can sai aka dare, ga Inna tana tafe da sandarta.

Wanda bai zauna gidan miji ba ba zai san nauyin abin da ya biyo baya ba. Tun zuwana gidan ban taɓa ce wa Inna a'a ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa gaishe ta a tsaye ba. Matar ba ta taɓa cutata ba kuma, iyakarta in Yaya ta yi magana ta yi kamar ba ta ji ba. Na durƙusa a cikin laka da sabuwar atamfata, amma ban matsa daga gaban fangalin ba.

"'Yar nan, albasa ce fa," in ji Inna, a hankali. "Baƙi na jira. Tashi ki ba ta wuri."

"Inna, ki gafarce ni, ba zan tashi ba."

Na ce a ɗebi duk abin da ke lambun nan, tumatir da alayyafo da karas da latas, a haɗa da tukunyar da ke kan murhuna, na bayar. Tara ɗin nan ne kawai ba za a taɓa ba sai dai a bi ta kaina. Wata daga cikin baƙin ta ce ikon Allah, yau ga suruka. Aka aika zaure aka taso Malam daga tsakiyar karatu. Ya shigo yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa laka, ya sunkuyo kusa da kunnena, ya ce in rufa masa asiri in tashi, gobe zai sa a kawo mini buhu guda.

"Malam, in ka san kasuwar da ake sayar da wannan, faɗa mini."

Sai na ji maganar da na daɗe ina haɗiyewa ta taso, na kuma bar ta ta fito yadda kowa zai ji.

"Shekara goma sha ɗaya albasar mutumin nan ake ci a gidan nan, ana toshe hanci, ba wanda ya taɓa tambayar ta ina take fitowa. To ga ta inda take fitowa. Ita kaɗai ta rage."

Inna ta dube ni, ta dubi furannin, ta juya da sandarta ta tafi. Yaya ta ɗauki kwanonta da biyar ɗin ta wuce madafi. Daga baya na ji da ta yanka ta tarar da su fanko, sai ɓawo da wani abu kamar soso, ta watsar a bola. A ƙarshe maƙwabta aka bi, nan biyu can uku, aka haɗa abin da aka yi miya. A wurin Yaya wannan ya fi riƙon hannun ciwo, a ce gidan Malam ne ke yawon roƙon albasa ranar Gani.

Ni dai ban bar lambun ba. Na kifa bokiti na zauna a bakin fangalin, don na san in na ɗaga wata za ta zo ta ƙarasa, ko don ta faranta wa Yaya. Matan suka ɗauki maganata, suka shigo suka kwashe komai, har ɗanyen tumatir, suka tattake fangalin da na yi wata uku ina gyara. Ina kallo, ai ni na bayar. Azahar da la'asar a bakin danga na yi su. Rana ta juya, inuwar bango ta rufe ni, sanyi ya shiga jiƙaƙƙiyar atamfar, ina jin hayaniyar cin abinci da dariyar baƙi daga tsakar gida. Ba wanda ya kawo mini ko loma. Wata facalata ce ta ƙarasa miyata ta raba. An ce kwanukan sun dawo a sharce, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ranar Gani kowane kwano a sharce yake dawowa. Abin da na sani shi ne ko ganye ɗaya na kasuwa bai shiga tukunyar ba.

Washegari aka kira ni ɗakin Inna. Yaya tana zaune a bakin gado ta sha mur, Malam yana ƙasa kusa da ƙofa. Inna ta ce ba ta son doguwar magana, in ba yayata haƙuri a wuce wurin. Na durƙusa na ce hannun da na riƙe ban kyauta ba, ta girme ni, ta yafe mini don Allah. Da gaske nake, har zuciyata. Inna ta fara cewa to madalla, sai na ƙarasa.

"Albasar kuwa, ko gobe aka sake, haka zan sake."

Malam ya runtse ido. Yaya ta tashi ta fita.

Na biya kuɗin maganar nan da abin da ya fi kuɗi. Yaya ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da azumi ya kama. A dangi sunana ya koma mai albasa, har a gidajen biki ina jin ana nuna ni, wai ita ce ta bar uwar mijinta a tsaye saboda kayan miya. Da Gani ta zagayo aka raba tukwane aka tsallake ni, kamar ba na gidan. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, don ni mai son a yi da ni ce. Malam ya yi kwana uku yana cin abincina ba magana. A rana ta huɗu na fita da asuba na ga ruwa yana shigowa ta kafar bango fiye da kullum. Na leƙa, ashe an gyara zaman dutsen alwalar, an karkato shi yadda ko ɗigo ba zai tafi waje ba. Bai ce shi ne ba, ban tambaye shi ba.

Da zafi ya fara shigowa kawunan tara ɗin suka bushe, suka fara buɗe baki. Na yanke su da sassafe kafin iska ta tashi, na zuba a ƙwarya na rufe da tsumma, suka ƙara kwana a inuwa, sannan na murje na sheƙe a faifai. Baƙin iri ya taru, ya ɗan wuce rabin ƙaramin gwangwanin madara. Na zauna da shi a cinya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da babana. Na roƙi Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya yafe mini abin da na faɗa masa a soro.

Damina ta zo ta wuce, na yafa irin, na yi dashe, na sake shan sanyin asuba. Da lokacin cira ya yi na tono su, jajaye, 'yan madaidaita, na yanka ɗaya a tsakar gida sai ga facalata tana share ido daga ƙofar ɗakinta. Na shimfiɗa tabarma na zauna na zaɓi iyaye yadda na ga yana yi, ina juya kowacce a hannu, ina danna wuyanta. Na ƙirga goma sha huɗu na zuba a tsohuwar ragarsa.

Malam ya ce a kai ɗakin ajiya, can ya fi sanyi. Na ce a'a, iska suke so. Na taka turmi na rataye ragar a azarar rumfar ƙofar ɗakina, daidai tsakiyar hanya. Na taɓa ce wa mai albasar nan ya daina shigowa gidan nan, ba zan kuma ɓoye ta a bayan buhunan gero ba.

Tun daga shekarar, in rani ya yi, a nan ragar take rataye har damina ta ɗauke. Inna gajeriya ce, wucewarta take yi. Yaya kuwa doguwa ce, na faɗa tun farko. Sau biyar, sau shida a rana take zuwa wurin Inna, kuma duk zuwa sai ta sunkuyar da kai a ƙarƙashin albasar babana. Ban taɓa ɗaga ragar ko da taƙi ɗaya ba.